Tsakanin Lua da C: Inda Lamba Ke Ɓacewa Ba Wanda Ya Ji

Da yawa daga cikinmu da muka tashi da wasannin kwamfuta mun taɓa Lua ko ba mu sani ba. Wanda ya taɓa yi wa World of Warcraft ƙarin kwalliya, Lua ya rubuta. Roblox ɗin da ƙannenmu ke manne da shi ma, yarensa Luau jikan Lua ne. Mutum uku suka ƙirƙiro shi a jami'ar PUC-Rio ta Burazil a 1993, kuma ba don ya zauna shi kaɗai aka yi shi ba: dasa shi ake yi a cikin babban firogiram na C ko C++, ya zama baƙo, wancan ya zama mai masauki.

To baƙo da mai masauki dole su yi magana. C ba ya miƙa wa Lua komai hannu da hannu, akwai wani tari a tsakaninsu kamar jeren faranti: a ɗora lamba da lua_pushnumber, a sauke ta da lua_tonumber. Duk wanda ya taɓa raka Mama wajen likita yana mata tafinta ya san inda haɗarin yake. Kalmar da ta kakare maka ba matsala ba ce, kowa ya ga ka tsaya. Matsalar ita ce wadda ka juya da sauri, kowa ya gyaɗa kai, alhali ma'ana ta goce. Haka abin yake a nan.

Ka ba lua_tonumber abin da ba lamba ba, ba zai yi ƙorafi ba, sifili zai ba ka. Kuma sifilin nan a C "a'a" ne, a Lua kuwa "e" ne, don nil da false kaɗai Lua ke ɗauka a matsayin ƙarya. Jerin C daga 0 yake farawa, na Lua daga 1. Waɗannan a sati guda ka saba da su.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na lambobi. A Lua 5.1, na 2006, lamba iri ɗaya ce tak, mai ɗigo. Cikakkiyar lamba tana zama daidai har zuwa 9,007,199,254,740,992, daga nan sai a fara tsallake wasu. Idan mai masauki ya turo lambar shaidar wani ciniki da ta haura haka, za ta iya dawowa ƙarshenta ya canza, ba gargaɗi ba komai. Sai a 2015 Lua 5.3 ya kawo cikakkun lambobi na gaske. Amma fa sabuwar siga ba ta shiga kowane gida ba.

Ɗauki Redis, rumbun bayanan da ya karɓi Lua tun 2012, kuma 5.1 ne a cikinsa. Rubutunka ya dawo da 3.99, Redis zai yanke wutsiyar ya ba ka 3. Ka yi tunanin fam ne ko dala da aka tura gida! Ka dawo da jeri mai nil a tsakiya, a nan zai tsaya, sauran sun tafi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, yana rubuce a littafinsu, sai dai wa ke karantawa kafin ta kwaɓe? Ni dai kuɗi da lambar shaida a matsayin rubutu nake ƙetarar da su, kuma a gefen C luaL_checknumber nake kira, gara ya yi ihu da wuri.

Sai namu na gida. Tambayi Lua tsawon "ƙasa" da alamar #, zai ce maka 5. Ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa, kuma a UTF-8 ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne. Idan mai masauki ya ware wa suna takaitaccen wuri ya datse a tsakiyar ɗ, shi ke nan, wata alamar tambaya ce za ta fito a allo a madadin harafin. Tun 5.3 akwai utf8.len, shi zai ce maka 4. Don Allah duk mai gwada firogiram ɗinsa, ya daina gwadawa da "John" kaɗai, ya sa "Ɗanladi" da "Ƙasimu" ya ga abin da zai fito ta ɗaya gefen.