Tukwanen da Suka Zama Fitila a Gando

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Wagadugu zuwa Lome ya san Tenkodogo. Kusa da garin akwai wani ƙauye, Gando, inda aka tsara ɗakin karatun da ba ya jiran lantarki da rana.

Mai tsarin shi ne Francis Kéré, ɗan ƙauyen da ya karanci zanen gine-gine a Jamus. A 2001 ya gina wa garinsu makarantar firamare da tubalin ƙasa, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini. Ɗakin karatun a gefen makarantar yake, domin ɗalibai da mutanen gari.

Matsalar kowa ya san ta. Karatu sai da haske, amma ranar ƙasashenmu da zafinta take zuwa. Ka sa babbar tagar gilashi, ɗaki ya zama tanda. Ka toshe, duhu ya rufe, sai fitila da janareta, kuɗin sayen littattafai ya tafi a mai.

To, me Kéré ya yi? Tukwanen yumɓu aka kawo, irin waɗanda matan yankin ke ginawa, aka yanke su, aka jera kafin a zuba kankaren rufi. Kowace tukunya ta zama kafar da haske ke saukowa ta ciki kaɗan-kaɗan, ya bazu a ɗakin. A sama kuma aka ɗora rufi na biyu a ɗage, yana tare ruwa da zafin rana. Iska mai zafi sama take tashi, sai ta fice ta bakin tukwanen, mai sanyi ta shigo ta tagogi.

'Yan'uwa, da yawanmu na haɗa kuɗi a zango don gina islamiyya ko ɗakin karatun yara. Kafin a haƙa harsashi, a zauna da magini. Tagogi su fuskanci arewa da kudu, domin ranar gabas da ta yamma kai tsaye take shiga ido. A miƙa bakin rufi ya yi inuwa, a bar ƙananan kafofi can sama, a shafa wa bango farin fenti. Fitila kuwa a bar wa dare. Hasken rana kyauta ne daga Allah, babu mai kawo maka takardar biya a ƙarshen wata.