Gindin Ayaba da Zazzaɓin Cizon Sauro: Bayani ga Jama'ar Bodinga da Shagari

Kamar yadda aka sani, da zarar damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta a fadamu da kududdufai, sai zazzaɓin cizon sauro ya yawaita a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, musamman tsakanin yara ƙanana da mata masu juna biyu. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke. Saboda haka duk labarin da ya shafi sabon magani yana saurin yaɗuwa, har da wanda ke cewa masana sun gano maganin zazzaɓi a gindin ayaba. Wannan bayani zai fayyace abin da aka gano da kuma iyakarsa.

Abin da ke cikin gindin ayaba

Duk mai lambun da ya taɓa dasa ayaba ya san curin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda saiwoyi da sababbin tsirrai ke fitowa daga jikinsa. Idan tsutsar ƙasa ko wata cuta ta kai wa wannan sashe hari, ayabar takan samar da wasu sinadarai domin ta kare kanta, waɗanda masana ke kira fenilfenalenon. A shekarar 2014 masu bincike na Cibiyar Max Planck da ke Jena a ƙasar Jamus, tare da abokan aikinsu, sun bayyana cewa irin ayabar da ake kira Yangambi km5 ta fi irin Grande Naine tara waɗannan sinadarai a inda tsutsa ta ji mata rauni, kuma ɗaya daga cikinsu mai suna anigorufon yana kashe tsutsar.

Masana harhaɗa magunguna ma sun mai da hankali a kansu. A gwaje-gwajen da aka yi cikin kwalabe, an ga wasu sinadarai na wannan dangi suna raunana ƙwayar da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro. Haka kuma gindin na ɗauke da sinadarai masu rage lahanin da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halitta, lahanin da ya yi kama da tsatsar da ke cin ƙarfe. Amma rage wannan lahani ba ya nufin kashe ƙwayar cutar da ke cikin jini.

Daga shuka zuwa magani

Ba sabon abu ba ne a samo maganin zazzaɓi daga tsirrai. A shekarar 1820 aka tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa. A shekarar 1972 masaniya Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka tace sinadarin atemisinin daga wata shuka dangin tazargade, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Daga wannan sinadari aka samar da magungunan ACT, waɗanda Nijeriya ta karɓa a 2005 a maimakon kulorokwin da ya daina aiki yadda ya kamata.

Abin lura shi ne, an shafe shekaru ana gwaji a kan dabbobi da mutane kafin a tsayar da adadin da majiyyaci zai sha. Ko ita shukar da aka samo atemisinin daga gare ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan jiƙon ganyenta a matsayin maganin zazzaɓi, domin ƙarfinsa ba ya da tabbataccen ma'auni. Gindin ayaba bai ko kai wannan matsayi ba. Sinadaran da ke cikinsa kaɗan ne, yawansu ya danganta da irin ayabar da kuma ko cuta ta taɓa ta, sannan ba sa narkewa sosai a ruwa. Don haka tafasa shi a tukunya ba zai ba da abin da aka gwada a ɗakin bincike ba. Har yanzu ba ya cikin magungunan da tsarin kula da masu zazzaɓi na ƙasa ya amince da su.

Abin da ya kamata a yi

Haɗarin da ake gudu shi ne jinkiri. Yaron da aka tsaya ana ba shi jiƙo na kwana biyu ko uku yana iya shiga jijjiga ko ƙarancin jini mai tsanani. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, a yi masa gwajin jini na ɗan yatsa, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin kimanin minti 20. Idan an tabbatar da cutar, a shanye maganin ACT na kwana uku cif, ko da an ga sauƙi. Yawan amai, kasa shan nono ko ruwa, jijjiga da farin tafin hannu alamu ne da ke bukatar gaggawa.

Bugu da ƙari, a riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani, mata masu juna biyu su je awon ciki, kuma a karɓi maganin rigakafi da ake rabawa gida-gida kowane wata a lokacin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59.

A ƙarshe, ana kira ga uwayen ƙasa, hakimai, limamai, kansiloli da malaman gona da su isar da wannan bayani a masallatai da kasuwanni. Masu maganin gargajiya da ke da wani sani game da ayaba ko wata shuka suna iya tuntuɓar masanan harhaɗa magunguna na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, domin a auna ta a kimiyyance. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.