Ko Ka Sani? Mikasa, Jirgin Yaƙin Da Aka Dasa A Ƙasa

Ko ka san cewa daga cikin manyan jiragen ruwan yaƙi waɗanda daulolin duniya suka yi ta gasar ƙerawa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kafin Ingilishi su fito da sabon samfurin da ya shafe su baki ɗaya, guda ɗaya tak ya rage a doron ƙasa, kuma shi ma ɗin ba a kan ruwa yake ba? Sunansa Mikasa, yana garin Yokosuka, a bakin gaɓar da ke kaiwa birnin Tokyo na ƙasar Japan. An gyara masa gurbi a bakin teku, an zuba yashi da kankare an rufe gindinsa, ta yadda komai haukar igiyar ruwa ba ya motsi, an kuma juya goshinsa ya fuskanci fadar Sarkin Japan. Wanda ya karanta tarihinsa da natsuwa zai tarar da abin al'ajabi, domin jirgin da igwar Rasha ta yi wa luguden wuta sau biyu ba ta nutsar da shi ba, a gida ya nutse, a lokacin sulhu, kuma a gida ne aka kusa ƙarasa shi da sakaci.

Asalin ƙera shi wulaƙanci ne da aka yi wa Japan. A shekarar 1895 ta ci ƙasar Sin da yaƙi, aka ƙulla mu'ahadar Shimonoseki, Sin ta sallama mata yankin Liaodong tare da diyya mai yawa ta azurfa. Amma tun tawada ba ta bushe ba sai Rasha da Jamus da Faransa suka haɗa baki suka tilasta mata ta mayar da yankin, suna cewa wai don zaman lafiyar gabas suke yi, alhali kuwa bayan shekara uku Rasha da kanta ta karɓi hayar tashar Port Arthur da ke cikin wannan yanki, ta girke jiragenta a can. Mahukuntan Japan suka haɗiye wannan baƙin ciki, suka fahimci cewa haƙƙin da ba shi da ƙarfi a bayansa ba a sauraron sa a majalisar manya, suka ƙudura niyyar mallakar manyan jiragen yaƙi 6 da wasu 6 masu sulke waɗanda suka fi su sauri, suka kuma zuba wani kaso na diyyar nan ta Sin cikin aikin. Da yake a wannan zamani ba su da masana'antar da za ta iya ƙera irin waɗannan manyan, sai suka kai kwangilarsu Ingila, kuma Mikasa shi ne autansu.

An fara aikinsa a garin Barrow na arewacin Ingila a farkon 1899, aka tura shi ruwa a watan Nuwamba na 1900, aka damƙa shi ga masu shi a watan Maris na 1902, aka raɗa masa sunan wani dutse da ke kusa da tsohon birnin Nara. Kamfanin da ya ƙera shi kuwa sunansa Vickers, Sons & Maxim, kuma ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya a kan wannan suna na ƙarshe, don kuwa shi ne sunan bindigar nan mai ruwan harsashi, irin wadda sojojin Lugga suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Gida ɗaya ne yake sayar wa Turawa makamin cin ƙasashe, yake kuma sayar wa mutanen Asiya makamin da za su karya wata daular Turai da shi, kowa da kuɗinsa.

Tsawon jirgin ƙafa 432 ne, nauyinsa ya ɗara tan 15,000, kuma an ɗaura masa ɗamarar sulke ta ƙarfe irin na Krupp wadda kaurinta ya kai inci 9 a tsakiyar jiki, inda injuna da rumbunan albarushi suke. Manyan igwoginsa guda 4 ne, biyu a gaba biyu a baya, kowace faɗin bakinta inci 12, tana jefa harsashi mai nauyin kilo fiye da 380. A gefe da gefe kuma akwai matsakaita guda 14 masu inci 6, ban da ƙanana na korar jiragen da ke sanɗo da dare. Duk wannan tsaunin ƙarfe tururi ne ke tafiyar da shi, daga tukwane 25 da ake hura wa wutar kwal, har ya kai gudun kilomita 33 cikin sa'a. Mutane fiye da 800 ke aiki a cikinsa, kuma ni a ganina waɗanda tarihi ya fi zalunta su ne masu zuba kwal, waɗanda ke can ƙarƙashin ruwa, tsirara daga ƙugu zuwa sama, shebur a hannu, gumi da baƙin ƙura sun haɗe a fuska, ba su ganin rana balle abokin gaba, illa iyaka su ji jirgi ya girgiza su san an same su, su ci gaba da ɗiba suna zubawa.

Wanda ya ɗaga tutarsa a kan Mikasa shi ne Adimiral Togo Heihachiro, mutumin Kagoshima, wanda yana saurayi ɗan shekara 15 ya ga jiragen Ingila suna ragargazar garinsu a 1863, daga baya kuma ya tafi Ingilar ya shekara bakwai yana koyon ilmin teku a hannun waɗanda suka ƙone musu gari. Yaƙi da Rasha ya ɓarke a watan Fabrairu na 1904 da farmakin dare a kan Port Arthur. A watan Mayu nakiyoyin ruwa suka hallaka biyu daga cikin manyan jiragen nan 6 a rana ɗaya, wato Hatsuse da Yashima, ya zama saura 4 ke hannun Togo, ba kuwa inda zai sami madadinsu. A ranar 10 ga Agusta aka gwabza a Rawayan Teku, inda harsashi kimanin 20 suka faɗa wa Mikasa, amma aka kashe shugaban rundunar Rasha, Adimiral Vitgeft, jiragensa suka watse, mafi yawansu suka koma tasha.

Sai Sarkin Rasha ya yanke shawarar da ba a taɓa jin irinta ba, ya ce a ɗebo rundunar da ke tekun Baltik a kai ta gabas mai nisa, tafiyar da ta kai mil 18,000 na teku. Suka tashi a watan Oktoba ƙarƙashin Adimiral Rozhestvensky, kuma tun ba su bar ruwan Turai ba firgici ya sa suka buɗe wuta a kan masuntan Ingila da dare, suna zaton jiragen Japan ne, abin da ya kusa jawo musu yaƙi na biyu. Manyan jiragen suka gangaro ta gaɓar Afirka ta yamma, suka tsaya Dakar, suka tsaya Gabon, suka kewaye ƙarshen Afirka ta kudu har tsibirin Madagaska, inda labari ya riske su cewa Port Arthur, wadda suka fito ceto, ta riga ta faɗi. Da yake ba su da tashar kansu ko ɗaya a kan hanya, jiragen dakon Jamus ne ke kawo musu kwal, su kuwa don tsoron kada ya yanke musu sai suka riƙa jibge shi a kan dandamali, da cikin lunguna, har da ɗakunan kwanan hafsoshi, cikin zafin da ba su saba da shi ba, ga ciyawar ruwa da ƙwanso sun manne a gindin jirage suna rage musu gudu. Haka suka shafe wata bakwai, a lokacin da Togo ke gida yana gyaran jiragensa, yana horar da maharbansa safe da yamma.

Kafin asubahin ranar 27 ga Mayu, 1905, wani jirgin sintiri mai suna Shinano Maru ya hangi fitilun jirgin asibitin Rasha cikin hazo a mashigin Tsushima, tsakanin Japan da Koriya, ya aika da labari ta wayar iska, wadda a lokacin sabon abu ce a teku. Bayan azahar rundunonin biyu suka hangi juna. Togo ya sa aka ɗaga tutar ishara mai sanar da mayaƙa cewa makomar daular ta rataya ga wannan yini, kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Sa'an nan, yana tsaye a sarari a saman jirgi, ya ƙi shiga ɗakin sulke da aka tanadar wa shugaba, ya ba da umarnin da masana harkar yaƙi ke tattaunawa har gobe. Ya sa jiragensa su yi kwana a gaban abokan gaba, ɗaya bayan ɗaya, kowane ya juya a daidai inda na gabansa ya juya, kamar ayarin raƙuma da ke karya kwana a gindin bishiya guda, wanda ke nufin cewa na tsawon kusan rubu'in sa'a maharban Rasha sun san wurin da za su auna, kuma Mikasa, da yake shi ne a gaba, shi ya fara shan wutar. Hikimar ita ce da zarar an gama kwanar, jiragen Japan, da suka fi sauri, za su riƙa tare wa Rasha gaba, su tattara wutarsu a kan jiragen da ke jan ragama. Haka kuwa aka yi. Cikin sa'a guda jirgin Rasha mai suna Oslyabya ya kife, jirgin Rozhestvensky ya kama da wuta ya fita daga sahu, shi kansa ya sami mummunan rauni a ka.

Kashegari ragowar suka miƙa wuya. Daga jirage 38 na Rasha an nutsar da 21, an kama wasu, wasu sun fake a tashoshin ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin, guda 3 kacal suka isa Vladivostok. Mutanensu fiye da 4,000 suka halaka, aka kama kusan 6,000. Japan ta rasa ƙananan jirage 3 da mutum 117. Mikasa ya sha harsashi fiye da 30, bai fasa jan sahu ba. Labarin ya girgiza duniya, musamman ƙasashen da ke ƙarƙashin Turawa ko suke tsoron su, daga Hindu har Masar, a Istanbul ma har an sami waɗanda suka sa wa 'ya'yansu suna Togo. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa murnar raunana ba ta daɗe ba, domin kafin shekarar ta ƙare Japan ta ɗora hannu a kan Koriya, a 1910 kuma ta haɗiye ta ɗungum, ta yi mata irin abin da ta ƙi a yi mata.

An sa hannu a kan sulhu a Portsmouth ta Amurka ranar 5 ga Satumba, 1905. Bayan kusan mako guda, cikin dare, Mikasa na tsaye lafiya a tashar Sasebo, wuta ta tashi ta kai rumbun albarushin baya, jirgin ya fashe ya zauna a ƙasan ruwa, mutum fiye da 250 suka rasu, wato fiye da ninkin dukan waɗanda Japan ta rasa a Tsushima. Togo ba ya ciki a daren. Sai a watan Agusta na 1906 aka ɗago shi, kuma kafin a gama gyaransa Ingila ta riga ta fito da Dreadnought mai manyan igwogi 10, wanda ya mai da Mikasa da sa'o'insa tsofaffin yayi tun suna da ƙuruciyarsu. Ya ci gaba da ƙananan hidimomi, ya taɓa hawa kan dutse cikin hazo kusa da Vladivostok a 1921, girgizar ƙasar 1923 ta buga shi da bakin tasha, mu'ahadar Washington ta rage makamai kuma ta sa shi cikin waɗanda za a farfasa. Jama'ar Japan suka yi kuka, daulolin da suka sa hannu suka yarda a bar shi bisa sharaɗin kada ya sake iya fita teku, dalilin kankaren ke nan. Aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Nuwamba na 1926, a gaban Yarima Hirohito da Togo, wanda a lokacin ya kusa shekara 80.

Mafi munin kwanakinsa sun zo bayan 1945, sa'ad da Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu. Wakilan Tarayyar Sobiyet, da ba su manta Tsushima ba, suka nemi a rushe shi. Amurkawa ba su yarda da rushewa ba, amma aka tuɓe masa igwogi da bututun hayaƙi da dogayen turakunsa, masu neman abin sawa a baka a shekarun yunwa suka yi ta yankar ƙarfe da tagulla suna sayarwa, daga ƙarshe aka gina gidan rawa da wurin kallon kifaye a kansa. Ba na zargin mayunwaci da ya ɓalle tagulla don ya ci abinci, amma gidan rawa a kan wurin da ɗaruruwan mutane suka mutu abu ne da zuciya ba ta karɓa.

A 1955 wani ɗan kasuwa mai suna John Rubin, wanda ya taɓa zama a Barrow, ya ziyarci jirgin, ya ga halin da yake ciki, ya rubuta wa wata jaridar Tokyo mai fita da Turanci wasiƙar takaici, wasiƙar kuwa ta tayar da mutane. Cikin waɗanda suka tsaya wa aikin gyaran har da Adimiral Chester Nimitz, mutumin da ya jagoranci rundunar Amurka da ta karya ta Japan, wanda ya taɓa haɗuwa da Togo a 1905 yana ƙaramin hafsa, ya kuma halarci jana'izarsa a 1934. Ya yi rubutu yana kira a ceci jirgin, ya ba da gudummawa daga aljihunsa. Aka tara kuɗi a Japan da Amurka, aka samo wasu kayayyaki daga wani tsohon jirgin yaƙin ƙasar Cile, Almirante Latorre, shi ma ƙirar Ingila, wanda ake farfasawa a Japan a lokacin, aka sake buɗe Mikasa ranar 27 ga Mayu, 1961. Saboda haka mai ziyara a yau ya san cewa manyan igwogin da yake gani, da bututun, da turakun, duk sabon aiki ne da aka yi bisa siffar na da. Gangar jikin ce ta asali, wadda maƙeran Barrow suka haɗa da ƙusoshi, kuma a saman jirgin an sa alama a daidai inda Togo da hafsoshinsa suka tsaya, ana barin mutane su hau su duba.