Awa ɗaya a mako: yadda mata Kiristoci masu yawan hidima ke karatun Baibul

A Gana, inda ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na jama'a Kiristoci ne, Musulmi kuma kusan kashi 20, da wuya ka samu ɗan zango da ba shi da maƙwabciya ko abokiyar ciniki Kirista. Mukan gan su ranar Lahadi sun ci ado za su coci. Abin da ba mu cika gani ba shi ne zaman tsakiyar mako: mata goma ko sha biyu a falon ɗayarsu, ko a ajin makaranta bayan an tashi, kowacce da Littafi Mai Tsarki, wato Baibul, da ɗan littafin rubutu.

Matan nan fa ba hutu gare su ba. Akwai mai rumfa a kasuwar Makola ko Kejetia, akwai nas mai aikin dare, akwai malamar makaranta da za ta sha cunkoso a trotro ta dawo ta ɗora tukunya. To ina suka ga lokacin karatu? Amsar ita ce an ɗinka tsarin ne daidai jikinsu: mutane kaɗan, lokaci kaɗan, karatu kaɗan, amma ba fashi.

Daga bashin gini aka faro

Ɗaya daga cikin tushen wannan tsari yana birnin Bristol na Ingila. A 1742, mabiyan John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, suna fama da bashin ɗakin ibadarsu. Sai aka raba su rukuni-rukuni, kimanin mutum 12 kowanne, da shugaban da zai bi su yana karɓar kwabo ɗaya duk mako. Garin karɓar kwabon, shugabannin suka riƙa gano wane ne ba shi da lafiya, wane ne ya ja baya da ibada. Wesley ya ga amfanin abin ya fi na kuɗi, ya mayar da rukunan zaman mako-mako, mata kuma suka shiga cikin masu jagorantarsu.

Ita kanta ɗariƙar da irin wannan ƙaramin zama ta shigo ƙasar nan. Wasu matasan Fante a Cape Coast da ke taruwa suna karatun Baibul su ne suka aika Ingila neman ƙarin littattafai, aka turo musu har da mai wa'azi, Joseph Dunwell, a farkon 1835. Har yau ana raba 'yan Methodist na Gana aji-aji, kowane aji da shugabansa.

Mata biyar a Kalifoniya

A 1952, wasu mata biyar a garin San Bernardino na jihar Kalifoniya a Amurka suka roƙi Audrey Wetherell Johnson, 'yar Birtaniya da ta yi aikin mishan a ƙasar Sin, ta koyar da su. Ta yarda, amma da sharaɗin kowacce ta yi nata karatun a gida kafin a haɗu. Daga nan ƙungiyar Bible Study Fellowship ta fito, aka kafa ta a 1959, yanzu kuma tana da azuzuwa a ƙasashe da dama.

Tsarinta hawa huɗu ne. Ana ba mace tambayoyin mako, an rarraba su kwana-kwana, ta yadda za ta amsa 'yan kaɗan kullum. Ranar haɗuwa a tattauna amsoshin a ƙaramin rukuni, sannan a saurari lacca, a tafi gida da takardar bayani. An kuma ware ajin yara a daidai lokacin, don kada goyo ya hana uwa zuwa.

A Koriya ta Kudu ma mata ne suka ɗauki nauyin abin. A 1964 Fasto David Yonggi Cho ya yanke jiki ya faɗi saboda yawan aiki, sai ya rarraba mabiyansa a birnin Seoul zuwa ƙananan rukunai a gidaje. Da maza suka noƙe, ya miƙa wa mata jagorancin. Cocin nasa, Yoido, ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, da mambobi dubu ɗaruruwa.

Yadda zaman yake

Yawanci awa ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. A buɗe da addu'a da waƙa, a karanta 'yan ayoyi, sai mai jagora ta jefa tambaya: me nassin ya ce, me yake nufi, ya za mu yi da shi a gida da kasuwa? Aikinta ta ja bakin mai kunya ta yi magana, ta kuma taka wa mai yawan surutu birki.

Akan zaɓi abin da zai ƙare da wuri. Littafin Rut, labarin wata gwauruwa da surukarta Na'omi, sura huɗu ne kacal, wata ɗaya ya ishe shi. Na Esta sura goma. Akwai kuma labarin Marta da Maryamu a sura ta 10 ta littafin Luka, inda aka ce Marta ta shagala da hidimar baƙi, 'yar'uwarta kuwa ta zauna tana sauraron Annabi Isa (AS). Mace mai tukunya a wuta ai ba sai an yi mata dogon bayani a kan Marta ba.

A ƙarshe kowacce ta faɗi damuwarta a yi mata addu'a: kuɗin makarantar yara, ciwon miji, kasuwa da ta tsaya. A nan ake sanin wadda ta haihu, da wadda aka yi wa rasuwa, da wadda ba a ga ƙeyarta ba sati biyu. A cocin da ke tara dubbai, in mace ta daina zuwa ba lallai a lura ba. Cikin mutum goma kuwa, kafin gari ya waye an buga mata waya.

Inda gizo ke saƙa

Babbar barazanar ita ce baki. Wadda ta fasa sirrin gidanta a zama, ta ji shi gobe a bakin famfo, ba za ta sake dawowa ba, shi ya sa dokar farko a irin waɗannan rukunai ita ce riƙe amana. Sai batun ilimi: mai jagora sau da yawa ba ta yi makarantar tauhidi ba, don haka coci-coci da dama ke buga littafin darasi, suna kuma tara masu jagora su yi musu bita. Gajiya ma na cin rabonta, musamman ga mai karɓar baƙi a gidanta kowane mako, abin da ya sa wasu ke yin karɓa-karɓa.

Tun annobar korona a 2020, wasu rukunan sun koma Zoom da WhatsApp. Mai aikin dare sai ta saurari saƙon murya in ta samu sarari, ko da yake waya ba ta kai wa mai jego abinci.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A arewacin Najeriya akwai Zumuntar Mata, ƙungiyoyin mata na coci-coci irin su ECWA da EYN, masu karatu da waƙa da Hausa, harshen da aka buga cikakken Baibul da shi tun 1932. Mata Musulmi ma sun daɗe da sanin wannan hanya: tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta riƙa tura jajis ƙauyuka, suna koyar da 'Yan Taru a cikin gidajensu, tsakanin daka da girki.