Idan Kyamara Ta Ƙi Magana da Kwamfuta a Daren Ɗaukar Hoton Taurari

Tun da kamfanin Google ya saka tsarin ɗaukar hoton taurari a wayar Pixel 4 a shekarar 2019, matasa da dama suka fara ɗaga waya sama da daddare. Wayar ita kaɗai take aikinta: a jingine ta wuri guda, ta kwashe kusan minti 4 tana ɗaukar hotuna a jere, sannan ta haɗe su su zama ɗaya. Wanda abin ya shiga ransa yakan tsallaka zuwa babbar kyamara, Canon ko Nikon ko Sony, galibi ta hannu. A nan yake gano cewa aikin da waya ke yi masa a ɓoye ya dawo wuyansa.

Hasken taurari ba shi da ƙarfi, dole a bar ƙofar hasken kyamara a buɗe ta daɗe. Yawancin kyamarori ba sa wuce daƙiƙa 30 da kansu. Mai son minti 2 ko 3 sai ya koma tsarin Bulb, inda ƙofar ke zama a buɗe muddin ana danne da maɓalli, yatsa kuwa yana girgiza kyamara, tauraro ya fito kamar tsutsa. Ga shi hoto ɗaya ba ya isa. Mai son taurarin Kaza da 'Ya'yanta su fito tas yakan ɗauki 50 ko 100 ya haɗa. Shi ya sa ake jona kyamara da kwamfuta, manhaja irin su N.I.N.A. ko APT ko BackyardEOS ta riƙa ba ta umarni. Idan layin nan ya yanke, dare ya tafi a banza, kuma daren da babu farin wata, babu hadari, babu hazo, ba kullum ake samunsa ba.

Da zarar manhaja ta ce ba ta ga kyamara ba, abin da mutane suka fi yi shi ne su goge ta su sake saukewa. Wannan ɓata data ne kawai. Da wuya laifin ya zama nata, an fi samunsa a abu mafi araha a cikin kayan gaba ɗaya, wato kebul.

Kebul ɗin USB 2.0 na gaskiya yana da siraran wayoyi 4 a cikinsa, 2 na wuta, 2 na saƙo. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa da fawa bank ko ƙaramar fitila na wutar kaɗai suke da su. A ido ba su da bambanci, bakinsu ɗaya, suna shiga rami daidai, amma ko harafi ɗaya ba za su kai ba. Gwajin ba shi da wahala: idan bakin ya yi daidai da na waya, a jona wayar da kwamfuta da shi. In caji kawai ta kama ba ta tambayi ko za a tura fayil ba, a ajiye shi gefe.

Sai tsawo. Ƙa'idar USB 2.0 ta tsaya a mita 5, USB 3.0 kuwa ba a so ya wuce kamar mita 3. Mai son ya zauna a ɗaki kyamara tana tsakar gida yakan jona ƙari kan ƙari har mita 10, sai abin ya riƙa kamawa yana saki. Wannan ya fi mutuwa gaba ɗaya ban haushi, domin ƙananan umarni suna wucewa lafiya, sai an zo tura babban hoton RAW layin ya faɗi. Don haka gwajin farko shi ne gajeren kebul, kai tsaye daga kyamara zuwa jikin kwamfuta, babu komai a tsakani. In ya yi aiki a haka, an san inda ɓarawon yake. Mai buƙatar nisa sai ya nemi kebul mai ƙara wa saƙo ƙarfi, ko mararrabar USB mai tata wutar, don ramin USB 2.0 ɗaya 500mA kawai yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900mA.

Idan kebul ya tsira, sai a leƙa saitin kyamarar. Kyamarori suna magana da kwamfuta ta wata yarjejeniya mai suna PTP, wadda daga ita aka samo MTP ɗin da wayoyin Android ke amfani da shi. Amma kyamara tana iya gabatar da kanta a matsayin ma'ajiyar hotuna kawai, kamar filash, kuma a wannan yanayin ba ta karɓar umarni. A Sony sai an zaɓi PC Remote a saitin USB. Canon kuma tana da nata tarkon: a samfura irin su EOS 6D da 70D, muddin Wi-Fi yana kunne, ramin USB a kashe yake. Mutum zai canja kebul uku bai san haka ba. A kuma kashe saitin da ke sa kyamara ta yi barci bayan minti 1 ko 2.

Akwai wata matsalar da ta fi ruɗa sababbi: kwamfuta ta ga kyamara, har ta yi ƙarar shigarta, amma manhaja ta ce babu. Kyamara manhaja ɗaya take saurara a lokaci guda, wadda ta riga kama ta ita ke da ita. A Windows, EOS Utility na Canon yana buɗe kansa da zarar an jona, ya riƙe ta ya hana kowa. A rufe shi daga can ƙasa kusa da agogo. A Linux, wata manhajar bayan fage mai suna gvfs ce ke yin wannan rigegeniya, sai gphoto2 ta ce ta kasa mallakar na'urar. Umarnin lsusb yana raba gardama nan take. In an ga lamba 04a9 Canon ce, 04b0 Nikon, 054c Sony. Ganin lambar yana nufin kebul da rami lafiya suke, rigimar ta manhajoji ce. Masu Windows su duba Device Manager. Wanda kuma ya sayi kwamfutar hannu mai ɗauke da Windows nau'in N, to sai ya saka Media Feature Pack kafin ta gane kyamara ko waya.

Yankewar tsakar dare labarinta daban. Komai na tafiya, ƙarfe 2 sai jerin hotuna ya tsaya a na 23. Abin zargi na farko shi ne Windows, wadda ke kashe ramukan USB don adana batir, musamman idan kwamfutar ba ta jikin caji. Sunan saitin USB selective suspend, yana cikin saitin wuta, a kashe shi. Na biyu batirin kyamara, wanda sanyi da dogon buɗe ƙofa ke zuƙewa da wuri. Maganinsa batirin bogi mai igiya da ake jonawa da wuta daga waje. Na uku kuma nauyin kebul ɗin kansa. Mazaunin da ke bin taurari yana juyawa digiri 15 a kowace awa, yana jan kebul a hankali har baki ya goce. A ɗaure shi a jikin mazaunin, a bar masa sarari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a kyamarori da yawa ramin manne yake da babban allon ciki, in ya karye gyaran ba na ɗan kuɗi ba ne.

Wanda ba shi da kwamfuta bai fita daga wasan ba. Wayar Android mai OTG tana iya sarrafa kyamara da manhaja irin su qDslrDashboard, sai dai wasu wayoyin, kamar Oppo da Realme, sai an kunna OTG a saiti, kuma yana kashe kansa bayan minti 10 in ba a yi amfani da shi ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗaure ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi ko akwatin ASIAIR na kamfanin ZWO, a jikin mazaunin, a jona ta da kebul na rabin mita, mutum ya koma ɗaki ya riƙa sarrafawa da waya ta Wi-Fi. Matsalar tsawo ta kau ke nan. Abin lura ɗaya: USB 3.0 yana damun Wi-Fi na 2.4GHz, don haka in akwai 5GHz shi ya fi.

Kafin a sayi kyamara ta hannu kuma, a duba jerin samfuran da manhajar ke karɓa. Tsofaffin Canon irin su 350D da 400D ba sa yin Bulb ta USB, sai an ƙara musu wani kebul daban. BackyardNIKON kuwa ba ta aiki da jerin D3000 zuwa D3500, komai kyan kebul ɗin.