Tsohuwar Hiace: inji na nan daram, robar ciki ce ta yi wuyar samu

A tashoshin mota na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, tsohuwar Toyota Hiace ce har gobe ke ɗaukar talaka da kayansa. Yawancinsu samfurin da kamfanin ya fito da shi ne a 1989, ya kuma maye gurbinsa da sabo a 2004, wato mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 20. Injinta na gazuwal, irin su 3L da 5L, ba ya ba makanikai wahala, domin Hilux ma ta yi amfani da irinsa, kayansa kuma suna ko'ina. Inda gizo ke saƙar shi ne cikin motar: tablo ya tsage, murfin akwatin takardu ya ɓalle, bakin fitar iska ya karye, mariƙin ƙofa an ɗaure shi da waya.

Rana ce ke cin robar. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, tablon motar da aka bari a fili kuwa yakan wuce 70. Hasken rana yana busar da roba har ta koɗe ta yi gautsi, sai girgizar hanya ta ƙarasa ta. Wannan ba maganar ado ba ce kawai. Fasinja yakan leƙa ciki kafin ya shiga, mai saye kuma da robar da ta farfashe yake fara karya farashi.

Neman kayan yana farawa ne daga masu feraye na gari, inda ake fasa motocin da suka mutu. Sai dai robar motar da ta ƙare rayuwarta a Nijar ta sha rana ɗaya da wadda ake son canzawa. Shi ya sa ake tsallakawa Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, inda ake sauke kayan da aka kwance daga motocin Turai. Tashar Kwatano ta daɗe tana zama babbar ƙofar tsofaffin motoci zuwa Nijar, amma rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya karkata kaya zuwa Lome ta Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada.

A nan ne ƴan uwa mazauna waje ke shigowa, a nan ne kuma kuɗi ke yawan salwanta. Unguwannin masana'antu na Sharja, kusa da Dubai, cike suke da kayan motocin Japan. To amma a Japan sitiyari yana hannun dama ne, a Nijar yana hagu. Tablo, murfin akwati da robar sandar sitiyari na motar Japan ba za su zauna a motar da ta fito daga Beljiyam ko Faransa ba, ko da shekararsu ɗaya. Haka kuma akwai mai dogon jiki da gajere, akwai mai dogon rufi, kowacce da robar gefenta. Kayan Jinbei, motar da aka ƙera a Sin bisa wannan samfuri na Hiace, suna da araha, amma ba kullum ramukan kusoshinsu ke faɗawa daidai ba.

Hoton WhatsApp kaɗai ba ya isa. Abin da ya kamata a tura wa mai nema lambobi ne. Na farko lambar shasi. Na biyu layin da aka rubuta C/TR a farantin da kamfani ya manna a jikin motar: kashin farko launin fentin waje ne, na biyu na kayan ciki. Na uku lambar kayan kanta, mai alƙaluma 10, wadda sau da yawa ake samu a bayan robar idan aka cire ta.

Ko lambobin sun dace, launi na iya saɓawa. Lambar tana nuna launin da motar ta fito da shi daga masana'anta ne, ba wanda ranar Sahel ta bar mata ba. Toka-tokar da ta kwana shekaru a sanyin Turai, idan aka ɗora ta kusa da ta Maraɗi, sai ta fito kamar faci a tsohuwar riga. Masu gwaninta sukan tafi kasuwa da ɓallin tsohuwar robar, su wanke shi, su gwada a hasken rana a inuwa, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Bayan robar, inda rana ba ta taɓa ba, shi ke nuna launin asali.

Idan ba a dace ba, sai fenti, shi ma da ƙa'idarsa. A bayan robar akwai tambarin irinta, galibi PP ko ABS. Fenti da gam ba sa kama PP sai an fara shafa mata ruwan share fage na musamman, ABS kuwa tina mai ƙarfi na narkar da ita. Man sheƙi da masu wankin mota ke fesawa yana hana fenti zama, dole a wanke shi tas. Wajen liƙe tsaga da zafi, sai da ɓallin roba iri ɗaya, in ba haka ba ɗinkin zai buɗe a ramin farko. Kuma ya fi kyau a fente dukan ɓangaren gaba lokaci guda da a bi guda ɗaya ana neman dacewa.

Toyota ba za ta ci gaba da ƙera robar motar da ta daina yi ba har abada, kowace Hiace da aka fasa kuma tana rage abin da ya saura. Mai motar da robarsa ke da sauran rai, kwali ko tabarma a gilashin gaba da ajiye mota a inuwa sun fi masa araha a kan kowace tafiya Ƙofar Ruwa.