Zukizuki da Wakuwaku: Yadda Japanawa Ke Faɗin Abin da Jiki Ke Ji

Majinyaci a Japan ba ya tsayawa ga cewa kansa na ciwo. Likita zai so ya ji irin ciwon, amsar kuma takan zo da kalma mai maimaita kanta. Idan kan na zugi yana bin bugun jijiya, zukizuki ke nan. Idan kamar ana buga masa guduma ne daga ciki, gangan. Ciwon ciki mai suka kirikiri ne, wanda ke cin mutum a hankali ba ya sakinsa kuwa shikushiku. Raɗaɗin fatar da rana ta ƙona shi ne hirihiri, tashin zuciya kuma mukamuka.

Masana nahawun Japananci sun raba waɗannan kalmomi gida-gida: giongo masu kwaikwayon sauti, da gitaigo masu siffanta yanayin da ba shi da ƙara ko kaɗan. Ƙamus ɗin da Ono Masahiro ya shirya a 2007 ya tattara guda 4,500. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda mu ma muna da amsa-kama, irin su fari fat da ja wur. Sai dai namu sukan ƙarfafa wata kalma ce, nasu kuwa sukan ɗauki nauyin zancen da kansu.

Wanda ya ɗauke su wasan yara ya yi kuskure. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, likitocin da suka je agaji yankin Tohoku sun sha wahalar fahimtar tsofaffi masu bayyana ciwo da karin harshensu. Wannan ta sa cibiyar nazarin harshen Japananci ta ƙasa ta fitar da littafin irin waɗannan kalmomi na yankin domin ma'aikatan lafiya.

A ɓangaren nishaɗi ma haka ake tsefe abin. Wakuwaku ɗokin abin da ake jira ne, kamar na yaro a daren jajibirin tafiya. Dokidoki bugun zuciya ne, na soyayya ko na fargaba, kalmar ba ta zaɓa. Ureshii murna ce ta labarin da ya iso yanzu, tanoshii kuma daɗin da ake ciki ana sha, na hira ko na wasa.

Abin da ya fi jan hankalina yana cikin nahawu. Bajapane zai ce ureshii game da kansa kai tsaye, amma ba ya yanke wa wani hukunci haka. Sai ya ce ureshisou, wato da alama yana murna, domin fuska ya gani, bai shiga zuciyar ba. Ciwo ma haka: itai nawa ne, na maƙwabci kuwa itasou ko itagatte iru, wato yana nuna alamar jin ciwo.